Ruwan Alwala da Naggen Gwaggo Saude

Wada Mai Tayil ba wani abin kallo ba ne. Gajere ne, gwiwoyinshi sun yi kanta saboda durƙuso, in ya shiga gidan mutum kuma ƙasa yake fara dubawa kafin ya gaida maigida. Ni Halliru, ladanin masallacin unguwarmu a Tozai, tare munka tashi, don haka ina da bakin faɗi. Maraya ne. Gwaggonshi Saude ta rene shi da nonon shanunta har ya kawo ƙarfi, ya tafi Sakkwato ya koyi shimfiɗa tayil a gidajen manya.

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fidda kai ba, mun sha wuya. Kafin rani ya yi nisa rijiyar unguwa ta ja baya, guga na fitowa da laka. Mai unguwa ya yanke magana: rijiya ta mutane ce, dabba sai fadama. Fadama kuwa ba kusa ba! Gwaggo Saude nagge guda ta rage mata, ita ke ba jikokinta nono, ga ta rame har ba ta iya wannan tafiya. Tsohuwa ta ce kafin ta mutu mata a banza, za ta ba Illo dillali ya kai ta kasuwar Bafarawa.

Wada ya zo gida a lokacin. Ranar da ya ji maganar, sai ya zo ya tsuguna bakin masallaci ya zuba muna ido muna alwala. Abin ya ban haushi.

Na ce, "Kai, lafiya? Ba ka taɓa ganin mai wanke ƙafa ba?"

Ya ce, "Ƙasa nike kallo. Kowace salla kuna shayar da rairayi, naggen Gwaggo na can tana lasar turke."

Ya tambayi limaminmu, Malam Lauwali, ko dabba na iya shan ruwan alwala. Malam ya ce mai tsarki ne, babu laifi. Wada ya roƙi Gwaggo ta ƙyale kasuwa guda ta wuce, ya koma Sakkwato ya bi wuraren da ya yi aiki yana roƙon ragowar tayil. Ya dawo da buhuna cike da guntaye, kala-kala, awa kayan bola.

Nan na ga ikon Allah. Mutum ya baje su a ƙasa yana kifawa ɗaya bayan ɗaya, yana ɗiga ma bayan kowane ruwa da yatsa. Wanda ya tsotse ɗigon nan take, sai ya ture shi gefe. Ya ce wannan siramik ne, mai ƙishirwa. Kafin a shimfiɗa shi sai an jiƙa shi cikin duro, mu kuwa ina munka ga ruwan jiƙon tayil? Wanda ɗigon ya tsaya bisanshi cak, shi ne fosilin, shi yake so.

Dattawa sunka ga wasu manya farare masu sheƙi a cikinsu, santimita sittin-sittin, sunka ce lalle su za a sa wurin zama, masallaci ya yi kyau. Wada bai yi gardama ba. Ya shafa ma guda ruwa ya ce in taka. Wallahi ba don ya riƙe ni ba da na zauna daɓas gaban jama'a, kuma har yau ina zargin da gangan ya zaɓe ni. Sai ya sa masu kaushi inda ƙafa za ta taka. Masu sheƙin ya yanyanka ya jera cikin kwata, don ruwa ya zarce bai tsaya ba. Ƙanana kuma ya bi gangare da su, ya ce babban tayil ba ya lanƙwasa, ƙarami ke bin tudu da kwari. Ƙarshen kwatar ya gina komin shayar da dabba bayan katanga. Ruwan kwaɓa siminti daga rabon gidansu ya fito, har ya rasa na wanka, shi ya sa kwanakin nan ba mai son zama kusa da shi.

Aiki ya bushe, munka fara alwala a kai. Ruwa ya bi kwata sumul, ya faɗa komi. Amma fa mu nawa ne? Kowa kuma tattalin butarshi yake. In an gama salla, abin da ya taru bai rufe gaɓar yatsa ba. Nagge ta zuƙe shi tashi ɗaya ta ɗago kai tana neman ƙari.

Gwaggo Saude ta ce, "Ɗan nan, ka yi iyakar yinka, Allah shi yi maka albarka. Gobe Illo za shi zo."

Wada ya ce, "To, Gwaggo." Ya je ya zauna bakin komin. Tausayinshi ya kama ni.

Da na kira la'asar, sai na hango mutane tafe ta lungun maƙera. Su da masallacinsu, kuma tun rigimar da munka yi kan lasifika ko jana'iza sai dai mu gaisa sama-sama. Ga su nan, tsoho da yaro, kowa da butarshi cike da ruwan gidanshi. Sarkin maƙera ya tuɓe takalmi ya ce, "Halliru, matsa mana. An ce nan alwala lada biyu gare ta. Kullum nan za mu riƙa yi."

Kwata ta ɗauki ƙara. Ruwan komin ya tashi har ya wuce rabi, nagge ta tsoma baki ta yi ta sha, cikinta na motsi, ba ta ɗago ba sai da ta ƙoshi. Gwaggo Saude na tsaye riƙe da igiya, ta ja gefen zane ta rufe fuska.

Can ta ce, "Wada, je ka ce ma Illo kar shi wahalar da kanshi."

Malam Lauwali ya yi mani alama in tada iƙama. Na miƙe na waiwaya, sai ga sahu ya cika har waje, kowa ya tsaya yana jirana.