Malama Kar-a-ci da Kifin Gwangwani

Shekara ashirin da shida ta yi a sashen wayar da kai na ofishin lafiya, amma 'yan kasuwa ba su taɓa kiran ta da sunanta ba. Malama Kar-a-ci suke ce mata. Sunan yana sosa mata rai, don ta san rabin maganarta a kan amfanin abinci take yi. Takan ce madara na ƙarfafa ƙashi, amma a tafasa ta. Takan ce gyaɗa na gina jiki, amma a tsince wadda ta yi fumfuna. Sai mutane su kwashi abin da ya biyo bayan "amma", su bar mata sauran.

Ofishinta ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, da fanka mai kuka, da kabad cike da fastocin da suka koɗe. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi zama a hanya. 'Ya'yanta uku sun tashi a gidan da ba a buɗe komai sai an duba kwanan watan da ke jikinsa, har babbar takan ce ko ruwan sama ne Mama sai ta nemi ranar lalacewarsa.

Wata Litinin Oga, shugaban sashensu, ya kira ta. Mutum huɗu 'yan gida ɗaya sun kwanta asibiti bayan sun ci kifin gwangwani. Da aka bincika, sai aka ga zubi ɗaya ne ya lalace, wanda lambar gindinsa ta ƙare da 47. Ya miƙa mata takarda shafi biyu ta je ta karanta a rediyo.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ko ni sai na maimaita. Wa zai gane 'gurɓacewa a matakin sarrafawa'?"

"Haka aka aiko daga sama. Kar ki ƙara, kar ki rage."

A cikin tasi ta juya takardar ta rubuta nata a baya. Minti bakwai aka naɗi muryarta. Ta ce kifi abinci ne mai kyau, yana taimaka wa yara su girma. Ta ce a duba lamba, kuma duk gwangwanin da ya kumbura ko yake yoyo a zubar, kar a ɗanɗana, kar ma a ba kyanwa. Da yamma ta kunna rediyo tana yanka albasa. Mai gabatarwa ya daka tsawa: "Hattara jama'a! Kifin gwangwani na kisa!" Sai muryarta ta ce "a zubar, kar a ɗanɗana", sai tallar sabulu. Ta ajiye wuƙar ta zauna a kan bokiti. Ko mutum ɗaya bai mutu ba, an ma sallami uku.

Kafin kwana biyu wani saƙon murya ya zagaye wayoyi, wai mutum ashirin sun rasu, wai har tumatir da madarar gwangwani duk guba ne. Yayanta kuwa kantin kayan masarufi gare shi. Ta same shi zaune a ƙofa yana korar ƙuda.

"Sannu da aiki, likita. Kin kyauta."

"Yaya, wallahi ba haka na faɗa ba. Yanke maganar suka yi."

"Ni dai muryar ƙanwata na ji. Tun jiya ko gishiri ba a saya a nan."

Ta tuɓe mayafi ta shiga ɗakin ajiya, ta bi katan takwas ɗaya bayan ɗaya. Guda ne kawai mai 47. Ta ja shi gefe, ta ce kar ya taɓa, motar ofis za ta zo ta ɗauka. Motar ba ta zo ba, babu mai.

Sau uku tana komawa gidan rediyon kafin su yarda su sa maganarta cikakkiya, Oga kuma ya ba ta takardar tuhuma don ta kauce wa rubutun. Wannan karon jama'a farkon maganar suka kama. Kafin sati ya zagayo an mai da ita kifi na sa yaro ya ci jarabawa.

Ranar wata Asabar tana wucewa ta tasha ta ji wani mai baro yana shela: "Malama ta ce a ci! Araha, araha!" Ta ɗauki gwangwani ɗaya, ya yi tulu kamar kuncin mai ciwon haƙori. Ta juya gindin, 47.

"Malam, ina ka samo wannan?"

Ya kwatanta mata kantin, har da koriyar ƙofarsa. Kantin Yaya ne.

Ba ta da ikon ƙwace kayan kowa, aikin wani sashe ne, wayarsu kuma ta yi ta ringi ba a ɗauka. Sai ta tsaya a gefen baron, duk wanda ya miƙo hannu ta nuna masa kumburin. Wata mata ta harare ta.

"Baiwar Allah, ki bar mutum ya nemi abincinsa. Ko rediyo ta ce maganar farko ƙarya ce."

"Ni ce ta rediyon!"

"To ke ɗin wanne za mu kama?"

Mai baro ya tura abinsa ya yi gaba. Ta bi shi layi uku, takalminta ya tsinke, ya ɓace mata cikin masu lodi.

Yaya ya ce shi ba sayarwa ya yi ba, ba wa mai baron ya yi ya kai juji, bayan ya jira motarsu sati biyu. Ba ta san ko ta yarda ba. Wata huɗu gaisuwarsu ta bakin matarsa take bi. Ta rubuta rahoto shafi biyar, aka buga masa hatimi aka sa a fayil.

Da shekara ta zagayo ta ajiye aiki. Yanzu 'yarta ta buɗe ɗan gidan abinci kusa da asibiti, Malama ce ke zuwa mata cefane kowace safiya. Tana daɗewa ƙwarai a kasuwa, don mata kan tare ta da kwando a hannu su ce ta duba musu. Takan duba, ta yi bayani tiryan-tiryan, sannan ta sa mace ta maimaita mata abin da ta ji kafin ta bar ta ta tafi.