Dillalin da Ba Ya Ɗaukar Laƙabi

Ni dillalin awaki ne, ko in ce na yi, tunda yanzu gwiwa ta ƙi. Kasuwar Ajingi ta san ni, ta Gaya ma ta san ni, kuma ba duk sanin ne na alheri ba. Boko kuwa aji uku na yi aka sallame ni, saboda na riƙa sayar wa 'yan ajinmu allin malam guntu-guntu. Da dillancin ya gagara sai na koma gonar da ubana ya bar mini a Toranke, wata 'yar jigawa da in ba a ba ta taki ba ko ciyawa sai ta yi shawara kafin ta fito.

Bara da bazara wata ƙungiya ta turo a rubuta manoma. Wai kowa za a ba shi taki buhu biyu da rangwame, a je a karɓa a wani sito a Gaya in damina ta sauka. Mai rubutun wata mata ce mai tabarau, da wata waya faffaɗa kamar faranti. Ban da lambar waya, gurbi uku take cike wa kowa: sunan yanka, suna na biyu, sai laƙabi in akwai.

Babu wanda ya tambaye ni, amma ni ban iya ganin taro in yi shiru ba. Na miƙe na ce, “Jama'a, kada a yi ƙauyanci. Duk babban mutumin da kuke ji a rediyo, sunan garinsu yake liƙawa a bayan nasa. Kun taɓa jin an kira minista da sunan tsohonsa?” Aka ce wallahi haka ne. Gari guda kowa ya zama wane Toranke. Ranar har goro aka ba ni.

Abin da ban lissafa ba, a garinmu iyaye ba sa wahalar da kansu wajen raɗa suna. In ka tsaya bakin masallaci ka kira sunan yankana, mu bakwai za mu waiwayo. Laƙabi ne yake raba mu, akwai na sana'a, akwai na tsawo, akwai na unguwa. Takwarorina shida duk suka faɗi nasu matar ta rubuta. Da aka zo kaina na ce, “Ba ni da shi.” Bayana aka yi ta tari kamar an ƙona barkono.

Ina da shi. Tun ina da ƙarfi wani mutumin Gafasa ya ce in samo masa matashin bunsuru na barbara. Ni kuma a hannuna akwai wani tsoho, wanda in ya wuce sai ka toshe hanci. Na wanke shi da sabulu, na rina masa gemu da baƙin tukunya, na zazzage masa turaren matata. Mutumin ya biya yana ta sa mini albarka. A hanya ruwa ya kama su. Kasuwa ta zagayo ya dawo da bunsuru a hagu, gora a dama. Tun daga ranar aka liƙa mini sunan. Ba zan rubuta shi a nan ba. Wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba ya je Ajingi ran kasuwa, kyauta ake faɗa.

Damina ta sauka da kyau. Na yi shuka, na yi noman farko, gero ya kawo gwiwa, daidai lokacin da yake neman abinci. Na hau bas na tafi Gaya. Mai siton wani ƙato ne da tarin makullai a ƙugu, yana zaune gaban kwamfuta yana kallonta kamar surukarsa. Na faɗi sunana, ya danna, ya jira, ya ce, “Baba, ai ka karɓa.”

“Na karɓi me?”

“Buhu biyu. Shekaranjiya.”

“Shekaranjiya ina gona, ɗan nan. Ko aljanina ne ya zo?”

“Ni dai ba ni na ce ba, na'ura ce ta ce.”

Ashe ɗaya daga cikin takwarorina ne, wani mai shayi, ya riga mu zuwa ya ɗauki nasa. Mu shida da muka rage kowa ya je sai a ce ya karɓa. Sau uku ina zuwa Gaya ina komawa hannu rabbana. Ga buhunan nan a jibge har rufi, ina jin warinsu, amma ƙaton nan ya ce ko ƙwaya ba za ta fita ba sai takarda ta fito daga bakin na'ura. Gerona kuwa ganyen ƙasa ya fara komawa ruwan ɗorawa. Na maƙwabcina da ya sayi takinsa a kasuwa ya yi baƙi-ƙirin, yana ta kaɗa kai a gefen nawa kamar yana yi masa jaje. Wanda ya san gero ya san in kwanakin nan suka wuce, ko buhu goma ka zuba daga baya, kara kawai za ka yi wa ado.

Zuwana na huɗu aka ce injiniya ya iso daga Kano. Mutum ne mai kamar shekara arba'in, da takalmi sau-ciki a cikin taɓon Gaya, da jaka a baya kamar ɗan firamare. Ya buɗe tasa kwamfutar a kan buhunan taki, aka tayar masa da janareta. An ce kowa ya tsaya waje. Ni na shige na zauna a kan benci, na ce ƙafa ce ke damuna. Takwarorina biyar suka cika bakin ƙofa, layi kuma a bayansu har titi.

Na ce, “Injiniya, wace ce a cikin na'urorin nan ta ce na karɓa? Ina so in gan ta ido da ido.”

Ya yi dariya ya ce ba a nan suke ba. Wai guda biyu ne. Ɗaya tana Kano, ita ce ke riƙe da sunayen da matar nan ta rubuta, sunanta saba. Ɗayar kuma aikinta ba da izini, buhu ba ya fita sai ta yarda, kuma in ta rubuta an ba wane, to ta rubuta ke nan, ba ta gogewa. Ba sa jin yaren juna. Saboda haka aka sa wani abu a tsakani, wai shi kwanekta, yana ɗauko magana daga wannan ya kai wa waccan, ya dawo da amsa.

Na ce, “Wato dillali.”

“Kusan haka ne, Baba.”

“Babu kusan. Mai kaya ba ya jin mai saye, mai saye ba ya jin mai kaya, wani ya shiga tsakani. To ita wannan sabar taku da 'yar'uwarta sun saɓa, dillalinku ne ragon.”

Ya duƙufa. Ni kuma ban bar shi ya sha iska ba, duk abin da ya taɓa sai na tambaya. Ya ce yana duba adireshin da aka ba dillalin, da lambar ƙofar da zai ƙwanƙwasa, da kalmar sirrin da zai faɗa a buɗe masa. Duk daidai suke. Sai ya nuna wani wuri ya ce nan ne aka ce masa ya jira amsa daƙiƙa talatin, in ba ta zo ba ya haƙura ya dawo.

“Daƙiƙa talatin? Ni na taɓa yini guda a kan tunkiya ɗaya, har na yi wa mai ita rakiya sallar la'asar. Wannan ko gaisuwa bai gama ba zai juya. Nawa kuka saye shi?”

Bai faɗa ba, amma yadda ya sosa ƙeya na san kuɗin ya fi garinmu da awakinsa. Ya ƙara wa dillalin haƙuri zuwa minti biyu, ya sa sunana, muka jira. Amsa ta dawo da jan rubutu.

“Me ta ce?”

“Ta ce maimai ne.”

“Maimai ni nake jira in yi a gona, ita ta hana ni.”

Ya shiga wani dogon rubutu yana bi layi-layi da ɗan yatsa, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Can ya tsaya. Ya ce ga ta nan. Ashe dillalin nan gurbi biyu kawai aka ce ya riƙa ɗauka, sunan yanka da suna na biyu. Sauran duk a Kano yake barinsu. Ita kuma mai ba da izini in ta ga suna biyun nan sun zo iri ɗaya, a wajenta mutum ɗaya ne. Mu bakwai mutum ɗaya muke, kuma mutumin ya sha shayinsa ya ɗauki takinsa.

Injiniya ya ɗago ya dubi bakin ƙofa. “To ku kuma wa ya ce duk ku sa sunan gari? Ba ku da iyaye ne?”

Idanu goma suka juyo kan benci. A cikin takwarorina akwai wani tela, siriri, mai magana kamar yana zare allura. Ya ce, “Wani masani ne ya ba mu shawara, Injiniya. Har goro muka biya.”

Na ce, “Ai ku ba jarirai ba ne. Kuma laifin wa? Dillalin da za a ce masa ga akuya ja mai ƙaho ɗaya mai ciki, ya je ya ce akuya kawai, ai a kasuwarmu da takalmi za a kore shi. Masu digiri sun zauna a ɗaki mai sanyi sun yanke cewa a duniya ba a suna iri ɗaya. Ko gidan suna ba su taɓa zuwa ba?”

Ya ce bari a ƙara wa dillalin lambar waya ya riƙa haɗawa. Ya duba, sai ya dafe kai. Mu huɗu a cikin bakwai lambar mai cajin waya na bakin kasuwa muka bayar. Saura gurbi ɗaya, na laƙabi. Ya buga waya Kano neman izini, ya yi ta ranka-ya-daɗe da Turanci yana zagaya buhuna, kamar wanda zai auri 'yar sarki. Abin da aka yi wannan fadancin a kansa, da ya dawo, ɗan ƙaramin akwati ne ya danna wa alama. Shi ke nan gyaran da muka yi sati biyu muna jira.

Aka gwada da tela. Na'ura ta yi ƙara, takarda ta fito. Aka gwada na biyu, ta fito. Har biyar. Ina zaune ina kallon buhuna suna fita a kan mutanen da na fi su baki.

Aka zo kaina, jan rubutu.

“Baba, gurbinka fanko ne. Yanzu dillalin ba ya tafiya sai da uku. Mene ne laƙabinka in cike?”

Na gyara hula. “Rubuta Sarkin Dillalai.”

Tela bai tafi ba, yana bakin ƙofa a zaune kan buhunsa. Ya ce, “Wa ya naɗa ka, takwara? Ba mu ji kiɗa ba.”

Mai sito, wanda tun safe bai yi amfanin komai ba, yanzu ya tuna da doka. Ya ce duk abin da za a ƙara a rajista sai mutum biyu na garin sun shaida da shi aka san mai shi. Na dubi layi ko zan sami mai tausayi. Rabinsu na taɓa sayar musu da dabba.

Injiniya ya ce, “Ka yi tunani, Baba. In ya shiga, waccan ba ta gogewa.”

Na leƙa ta taga. Gabas ta haɗa hadari baƙi, irin wanda in ya zuba yau, gobe da safe ƙasa na karɓar taki kamar mai azumi da kunu. In na tafi haka, injiniya zai koma Kano, ƙaton nan kuma zai koma cewa na'ura ce ta ce. Shekara talatin ina zagin duk wanda ya kira ni da sunan nan, har marin wani na taɓa yi a kansa aka kai mu gaban dagaci.

Na sunkuya kusa da kunnensa na faɗa.

“Ban ji ba, Baba, janareta.”

Kafin in maimaita aka riga ni. Layin ne ya faɗa masa, gaba ɗaya, murya ɗaya, kamar ana amsa amin. Har waɗanda ba 'yan garinmu ba. Injiniya ya cije leɓe yana bugawa, kafaɗunsa na rawa. Ya tambaya ko haɗe ake rubutawa ko a rabe, tela ya taso ya tsaya a kansa har ya tabbatar ba a bar harafi ko ɗaya ba.

Dillalin ya tafi, bai yi ko daƙiƙa biyar ba ya dawo. Abin da sati biyu ya gagare shi, da aka ba shi abin kunyata ya kai da gudu. Takarda ta fito, mai sito ya karanta ta da ƙarfi tun daga sama har ƙasa, wai ƙa'ida ce.

Na ɗora buhuna biyu a bayan babur, ruwa ya kama mu kafin mu kai Ajingi, na cire rigata na lulluɓe su. Washegari da sassafe na bi gindin gero ɗaya bayan ɗaya ina zubawa ina rufewa da ƙafa. Kwana shida ganye ya juyo. Na gefen jigawa bai farfaɗo ba, ya riga ya yi nisa, amma sauran ya yi zangarniya har na ɗaure abin da ya kai mu wata bazarar.

Matata ta ce in kawo takardar ta adana mini a kwalla. Na ce iska ta ɗauke a hanya. Tana cikin hulata a ninke, don mai sito ya ce ba a ba da na baɗi sai da ita.