Famfo Ɗaya, Unguwa Huɗu

Furannin da ake ba ruwa da tiyo na fara gani, a harabar ofishin wani kamfanin jima a Nasarawa GRA. Na tsaya a bakin get kamar an dasa ni. A lokacin ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya, kuma irin gidan nan ne attajiri mai tausayi yake fitowa daga ciki ya share hawayen talakawa. Na ce a raina, a nan zan zama mutum.

Aka ɗauke ni a sashen hulɗa da jama'a, ina rubuta jawabai. Shekarun da aka fara shari'ar Musulunci ne, kowane mai kuɗi yana so a ce masa mai tsoron Allah. Ga mutane kuma suna kuka a rediyo cewa dattin jimarmu ya ɓata musu rijiyoyi. Sai manajanmu, Alhaji Sabo, ya ce za mu ba su rijiyar burtsatse.

"Ranka ya daɗe, ina za a fara haƙawa?"

"Haƙawa? Kai sarkin soyayya, wa ya ce maka ruwa muke rabawa? Baki muke rufewa."

Famfo ɗaya muka saya da tanki ɗaya. Da hantsi mota ta cika tankin, kansila ya yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. Bayan mako biyu mu ce za a kai gyara, mu kwance mu nufi wata unguwar. Ni nake rubuta "sadakatul jariya" a allo. Tsofaffi suna hawaye saboda jawabina, ni kuwa daɗi nake ji.

A Tudun Murtala muka naɗa wani ɗan garuwa, Malam Sule, mai gadin famfo. Ya riƙe hannuna ya ce, "Yallaɓai, tunda ruwa ya zo, in sayar da kurar da nake turawa?"

Na ce, "Sayar, Baba."

Daga baya na ga kowa yana ci, ni ma na sayar da famfon. Kamfanin da kansa ya kai ni kotu, ya shelanta cewa ni na hana talakawa ruwa. Shekara biyu na yi a gidan yari.

Na fito na tuba. Samari, in an ba ku aikin tallata alheri, ku fara tambaya me ake so a rufe da shi, kuma kada ku ba da aron bakinku.

Bayan shekaru na nemo Malam Sule. Bai sake mallakar kura ba. Garwa biyu yake ɗauka a sanda, bayansa ya ranƙwafa. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ajiye garwar, ya leƙa bayana, ya duba hagu da dama.

"To, ina mai hoton yake?"