Ranar da Aka Aike Ni Gidan Kyaftin da Takardar Sallama

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne ɗan Zariya, na gama digiri na biyu a fannin akanta a Salford, kuɗin tallafin karatu sun ƙare, sai Allah ya ba ni aiki a ofishin kuɗi na wani ƙaramin kulob ɗin ƙwallon ƙafa a gefen Manchester. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, gwamnati na ta yanke-yanke, ƙaramar hukumar yankin ta janye ɗan tallafin da take ba kulob ɗin, 'yan kallo ma sun ragu. Ni kuwa ina ji da kaina, in sa kwat in hau tram, jirgin ƙasan cikin gari, ina ganin ba matsalar da ta fi ƙarfin mai ilimi. Na daɗe ina son rubuto muku, abin da ya hana ni shi ne har yau ban gama gane ko zalunci na yi ba, ko kuwa aikina kawai na yi.

A kulob ɗin akwai wani ɗan wasa Bahaushe ɗan Jos, wanda kowa ke kira Kyaftin duk da an daɗe da karɓe kambun daga hannunsa. Ya taka leda a manyan kulob lokacin ƙuruciyarsa, shi ya sa da zai zo aka ba shi doguwar kwantiragi da albashin da ya fi na kowa nesa ba kusa ba. Kafin zuwana gwiwarsa ta fara ba shi matsala, shekaru sun ja, gudu ya ragu, amma bakin yana nan daram. Ya taɓa gaya wa 'yan jarida cewa kocinmu bai san ƙwallo ba. Ya taɓa cire riga ya yar a gaban jama'a don an canja shi. Rabin magoya baya na rera sunansa, rabi na yi masa ihu. Ni dai mutumin kirki na sani. Ranar da ya ji na amsa waya da Hausa ya riƙe hannuna ya ƙi saki, daga nan ya koma kirana ƙanena, kuma duk Juma'a a motarsa muke zuwa masallaci.

Saura shekara ɗaya da rabi a kwantiraginsa, kuma shugabannin kulob ba su da ikon korarsa haka kawai. Sai suka bi hanyar da daga baya na gane kowane kulob ya san ta. Aka ba sabon ɗan wasa lambar rigarsa. Aka kwashe kayansa daga ɗakin manyan 'yan wasa. Aka sa masa atisaye shi kaɗai da sassafe, alhali an san iyalinsa suna Erdington a Birmingham, daga can yake tuƙowa. Nufinsu ya gaji ya nemi tafiya da bakinsa. Ba su san da wa suke yi ba. Bai taɓa makara ba, zai zo ya yi ta zagaye fili shi kaɗai cikin ruwan sama, ya yi wanka, ya leƙo ofishina ya tambaye ni ko na karya.

Wata rana shugaban kulob ya kira ni, ya ce ya lura ni da Kyaftin yare ɗaya muke yi. Ya ce in albashin nan ya ci gaba dole a rage ma'aikata. Ya ambaci matar da ke wanke rigunan 'yan wasa, ya ambaci dattijon da ke yanke ciyawar fili, sannan ya dube ni ya ce ofishin kuɗi ma bai cika buƙatar mutum biyu ba. Ya miƙo mini takarda: za a ba Kyaftin albashin wata huɗu a dunƙule, shi kuma ya yafe sauran ya tafi. Ya ce lauyoyi sun aika masa sau biyu ya mayar, wataƙila zai fi sauraron ɗan'uwansa. Abin kunya, har daɗi na ji wai an ga amfanina.

Ranar Lahadi na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, kuma nan ne kuskuren, don ban je a matsayin ma'aikaci ba. Na je yadda aka koya mini zuwa gidan babba. Na sayi dabino da turare, na cire takalmi a ƙofa, na durƙusa na gaishe shi. Matarsa, wadda ke aikin jinya a Edgbaston, ta yi tuwon shinkafa da miyan taushe musamman domina, 'ya'yansa mata biyu suna ta zuba mini Turancin Birmingham da ko rabinsa ban kama ba. Sai da na ci na ƙoshi na wanke hannu, sannan na fito da takardar. Ban ce masa ga tayin kulob ya duba da lauyansa ba. Roƙonsa na yi. Na haɗa shi da Allah da Annabi, na kawo masa zancen mai wanki da mai yankan ciyawa, na ce shi ne babba, shi ya kamata ya yi haƙuri. A ƙarshe, ban san lokacin da ta fito daga bakina ba, na ce ni ma aikina yana rawa.

Matarsa ta leƙo daga kicin ta ce masa da Turanci ya bari sai Litinin ya kira lauya. Ya amsa mata da Hausa cewa ƙaninsa ya taso tun daga Manchester, ya zo har gida ya ci abincinsa ya roƙe shi da Allah, da wane ido zai mayar da shi hannu rabbana? Ya karɓi biro, ya ɗora takardar a kan gwiwar nan mai ciwo ya sa hannu. Ya kai ni tasha da kansa, har da cusa mini kuɗin mota a aljihu duk da na nuna masa tikitina.

An yaba mini sosai a ofis. Ba a yi wata biyu ba aka sayo sabon ɗan gaba. Mai wanki dai sai da aka sallame ta, aka ba wani kamfani aikin. Dattijon ciyawa ya tsira, ni ma na tsira. To a nan kaina yake ɗaurewa. Ba zan ce shugaban ƙarya ya shirga mini gaba ɗaya ba, don na ga matsin da idona, kuma gaskiya Kyaftin ba ya iya buga wasa har ƙarshe. Amma kwantiragi alkawari ne, kuma ba shi ya matsa musu suka ba shi ba. Babu kulob ɗin da ya ɗauke shi bayan nan, ga gwiwa ga sunan rigima. Kunya ta sa na daina kiransa.

Bayan 'yan shekaru muka haɗu a wani taron suna a Erdington. Ya yi furfura, yana tuƙa motar raba kaya gida-gida. Na ja shi gefe na fara ba shi haƙuri, ina cewa ban fahimtar da shi abin da ke cikin takardar ba. Ya yi dariya ya ce tun kafin in zo ya san kowane layi nata. Ya ce da Bature suka aiko, da ko zama ba zai yi ba, kuma sun san haka, shi ya sa suka aiko ni. Ya ce bai riƙe ni a zuciya ba. Sannan ya tambaye ni ko har yanzu ina wurin aikin. Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce masa bayan wata takwas na samu wanda ya fi shi na bari. Ya kalle ni, ya ce Allah ya sa albarka, ya koma cikin mutane.

Har gobe ban san wa zan ɗora wa laifi ba, ko shugaban, ko matsin shekarun nan, ko kara irin tamu da ba ta iya cewa a'a ga wanda ya durƙusa. Abin da na sani shi ne tarbiyyar da iyayena suka ba ni don in girmama na gaba da ni, da ita na raba mutum da abincin iyalinsa na fiye da shekara. 'Yan'uwa da ke aiki a ƙasar nan, duk ranar da mai gidanku ya tuna cewa kuna jin yaren wani, ku tsaya ku tambayi kanku me ya sa sai yau. In aiken ya zama dole, ku miƙa takarda daga tsaye, ku ce masa ya nemi lauya, ku juya. Kada ku durƙusa, kada ku ci tuwon gidan. Ni na ci, har na ƙara.