Labarin da Na Kai wa Malam Bube a Goronyo

Mun tashi daga Sakkwato da asuba, bayan mun idar da salla, cikin babbar motar En'e, wato hukumar gargajiya. Ni da direba muna gaba, wani kafinta yana baya yana gadin kaya. Kayan kuwa sababbin tebura ne da kujeru da aka ce a rarraba wa ofisoshin hakimai. Wani Baturen injiniya ne ya zana su, duk tsayi ɗaya, faɗi ɗaya, wai don kowane malamin gunduma ya yi rubutu a zaune kamar na birni.

Rakiyar tebur ba aikina ba ce, ni na roƙa a tura ni. A makon nan aka gaya mini an ba ni muƙamin babban malamin ofishinmu, alhali kowa ya san Malam Bube ke jiran wannan wuri. Yana gaba da ni a makarantar Midil, shi ya koya mini buga tafireta, sannan aka tura shi Goronyo wai na ɗan lokaci, lokacin ya yi ta tsawo. Ban so ya ji a bakin 'yan kasuwa ba.

Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba. Hanyar Rabah duk kwazazzabai, ko'ina dammunan gero a jingine, mata na tafe da ƙoren fura. A Rabah muka fara gane halin kayanmu: teburin ya fi ƙofar ofis faɗi. Aka juya shi ta gefe, aka kifa shi, ya ƙi. Dogarai suka ba da shawarar a fasa bango, kafinta ya ce gara a cire ƙafafu. Daga ƙarshe aka bar shi a zaure, kafin mu gama shan ruwa har wani mai goro ya baza hajarsa a kai.

Da muka ratsa ƙauyen Maikujera, direba ya ce kamata ya yi mu sauke kujerun nan, tunda ga mai su. Muka yi dariya, ni dai tawa ba ta kai ciki ba. Tun daga nan nake ta shirya maganar da zan faɗa, ina rushewa.

Wurno gari ne mai natsuwa, a kan tudu, fadama shimfiɗe a ƙasansa. Muka yi ziyara a hubbare, muka ci tuwon shinkafa mai arha ƙwarai, miyar ta ji albasa da tafarnuwa kamar ba saye ake yi ba. A nan teburin ya shiga lafiya. Malamin ofis, wani dattijo mai fara'a, ya shafa shi ya yaba aikin katako, amma ya dubi kujerar ya girgiza kai.

"In hakimi ya shigo ya zamna bisa buzu, ni kau ina bisa wagga, mi za a ce da ni?"

Ya ɗora takardunsa a kan teburin don gudun gara, ya koma tabarmarsa ya aza allon rubutu a gwiwa. Na yi tunanin Baturen da ya auna tsayin mutum da tsayin tebur daidai wa daida, bai auna wanda zai shigo ɗakin ba. Mu ma a ofis haka muke, muna tsara wa mutanen da ba mu taɓa zama da su ba.

Washegari da hantsi muka kama hanyar Goronyo. Sau da yawa mota ta kafe a laka, sai manoma su bar girbi su zo su tura, ba sa karɓar komai sai godiya. Gulbin Rima cike yake, masunta na shanya taru a bakinsa. Da la'asar muka shiga gari.

Malam Bube ya fito da gudu ba ko hula. Ya rame kaɗan, furfura ta fara masa. Ya ja ni gida, aka kawo kifi gasasshe da fura mai sanyi. A tsakar gida na ga akwatuna ɗaure da igiya, turken awaki kuma babu komai. Ya lura ina kallo.

"Na sai da su. Tun da nij ji tsohon babban malami ya aje aiki, nic ce ma uwar ɗiyana ta shirya. To, mi al labari? An yi magana?"

Duk abin da na shirya a hanya ya gudu. Na ce, "An yi, Yaya. Ni anka ba."

Yana wanke hannu a lokacin. Ya ci gaba da wankewa har ruwan butar ya ƙare.

"Kai na?"

"Ni na. Wallahi ban nema ba."

"Na sani. Ai ba ka iya nema ba." Ya ajiye butar, sannan ya ce, "Ba ni iya yi ma murna yau. In nic ce na yi, ƙarya ta. Ka bar ni sai gobe."

Ya tashi ya shiga ciki. Na ji muryar matarsa tana tambaya. Ba abin da ya fi mini nauyi kamar kifin nan da ke gabana, ban iya ci ba, ban kuma iya turewa ba.

Da safe, ana ɗaure igiyoyin mota, sai ga shi da babbar riga da hula. Ya kama hannuna muka ɗan taka zuwa bakin gulbi.

"Allah shi sa alheri, shi taya ka riƙo," in ji shi. Idanunsa jawur. Na fara cewa zan yi ƙoƙari a maido shi birni, ya ɗaga hannu.

"Kak ka maishe ni ƙarƙashinka don tausai, ban so. Abu guda nika roƙo. In malaman gundumomi sunka rubuto, a ba su amsa, ko da a'a ta. Mutum shi yi ta rubutu wata da watanni ba wanda ac ce mai ƙala, har shi fara shakkar ko an san yana da rai."

Na yi masa alkawari. Bai jira tashin mota ba, ya juya ya nufi ofis.

Mun dawo da mota wayam, tana ta tsalle a kan gargada, muka iso gida gab da magariba. Na tarar da zaure cike da 'yan taya murna, har da maroƙi. Na amsa wa kowa, na yi murmushi inda ya kamata, domin ni ma ina son wurin, ba zan ɓoye ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, duk matsayin da mutum ya samu, akwai wanda ya daɗe tsaye yana jiransa, kuma sau da yawa ba maƙiyi ba ne. Masu zuwa barka ba su ganinsa. Ni na gan shi, na ci abincin gidansa. Malam Bube ya ce zai shigo Sakkwato da babbar salla. Da can gidana yake sauka, bana ban sani ba, amma na sa an share ɗakin baƙi.