Ƙofar da Ba ta Yallaɓai Ba

Matar da ke gefena a bencin tasha ta ɗora kwamfuta a cinya, ta maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa. Tabaraunta sai zamewa yake, tana mayar da shi da bayan yatsa. Daga maganarta na gane ita ke kula da kwamfutocin wani ofis daga nesa.

"Yallaɓai, daga waje duk adireshinku ɗaya ne, kamar gidan haya," in ji ta. "Kowace kwamfuta da lambar ƙofarta. Bari in shiga taka."

Ta buga lamba, allo ya buɗe, amma ba na yallaɓai ba ne. Wani ne can yake rubutu a wurin bincike, yana gogewa yana sakewa: ciwon dajin hanta, wata nawa mutum ke yi. Hannunta ya gogi kwamfutar bisa kuskure, 'yar kibiyar nuni ta motsa a allon mutumin. Rubutun ya tsaya cak, sai shafin ya rufe.

Ta katse yallaɓai ba ko sallama. Da alama ta gane mai kwamfutar, don ta lalubo wata lamba a wayarta mai suna "Baba Akawu", yatsanta yana kai amma ta kasa dannawa. Wataƙila shi ke ba ta kujerarsa duk ranar da ta leƙa ofis. Wataƙila ko matarsa bai faɗa wa ba.

"Innalillahi," ta ce a hankali, ta rufe kwamfutar, sannan ta juyo ta dube ni. Ita dai lamba ta kuskure. Ni kuwa wuyana har ya ƙage don leƙe.