Madarar Kwakwa a Ƙwaryar Inna

Shekarar da tumbina ya fara rigana shiga ofis, na ɗauki wata aƙida da na gani a waya: ba zan ƙara cin abin da wuta ta taɓa ba. Kokwamba, karas, ɗanyar albasa, dabino, kankana. Matata ta ce ba ta san akuya ta aura ba. Ban kula ta ba, don ni in na kama abu ba na jin kira.

Abin da ya fi burge ni a harkar shi ne kwakwa. Nakan saye ta wurin masu baro a nan Birnin Kebbi, in fasa, in kankare, in markaɗa da ruwa in an kawo wuta, in tace da farin ƙyalle. Sai ga madara fara tas, babu saniya babu tatsa! Masu wannan aƙida sun rabu biyu: wasu a sha ta nan take, wasu a bar ta ta yi tsami. Ni ina ɓangaren farko, har gardama nake yi da mutanen da ban taɓa gani ba. A ganina abin da ya kwana ya lalace, kuma ina tsoron kada ya juye giya.

Ana cikin haka na je Argungu gaida Inna, mahaifiyata, na tarar ta rame. Nonon shanu ya daina karɓar cikinta, in ta sha sai murɗa da gudawa, aka ce ta bari. Ita kuwa fura da nono ce abincinta na rana tun tana budurwa. Da aka raba ta da shi sai ta yi fushi da sauran abinci gaba ɗaya, tuwo ma loma biyu take yi ta ture. Abin da ya fi karya mini zuciya, ba ta daina sayen nono ba. Kullum Bafulatanar da ta saba kawo mata sai ta zuba a tsohuwar ƙwaryarta, Inna ta shinshina, ta aika wa maƙwabta.

Asabar ta zagayo na dawo da gora cike da madarar kwakwa, ina ta rawar jiki a mota kamar wanda ya gano maganin tsufa. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Wanga ruwan yara na," in ji ta. "Ina tsamin?"

Na buɗe baki na fara lacca a kan amfanin sabon abu. Ko kallona ba ta yi ba. Ta juye nonon ranar a kwano, ta bar ƙwaryar da ɗan abin da ya manne a jikinta, ta tuttule madarata a ciki, ta rufe da faifai, ta tura ƙarƙashin gado.

"Inna, kada fa ya zama giya."

"Nonon da kash sha tun kana rarrahe, ka taɓa layi?"

Na fasa komawa gida ranar, don sai na ga ƙarshen abin.

Washegari da hantsi ta jawo ƙwaryar ta ɗaga faifai. Ni na ga ɓarna: ruwa a ƙasa, kauri a sama. Ita kuwa ta kai hanci, sai na ga fuskarta ta saki. Ta sa maburgi ta burga har ya haɗe, ta ɗanɗana da ɗan yatsa.

"Ɗauko mani hura."

Wallahi da gudu na fita, babban mutum da ni, takalmi a hannu. Ta dama da kanta, ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Ludayi na farko ta riƙe shi a baki ta lumshe ido. Na biyu, na uku. Ni ina tsugune ina ƙirgawa a zuci, ina jin kamar in yi guɗa. Ta ce bai kai na saniya ba, kada in ji daɗi da yawa, amma ludayin bai tsaya ba.

Sai ta miƙo mini shi cike. Na tsaya. Fura dai dafaffen gero ce, ni kuwa ranar kwanana goma sha tara ban ci abin wuta ba, har na shirya yadda zan yi wa matata gori in na cika wata.

"Mi kaka jira?" ta ce. "Ni ɗai ba ni iya ci."

Na karɓa na shanye. Muka yi ta miƙa wa juna har muka ga gindin ƙwarya, kuma cikinta bai ce uffan ba har yamma. Da zan tafi na ɗauki ƙwaryar zan wanke mata, ta fizge ta daga hannuna. Ta ce in bar ta yadda take, in dai kawo kwakwa ranar Asabar.